Ranar da Uwa Ta Kira Sunan Ɗiyar Fari

Har yau ban manta da ranar karɓar sababbin yara ba, a cibiyar naƙasassu da ke Kara-Kara, shekarar da na yi sitaj a wurin, wato aikin koyo kafin kammala karatun shari'a. Ƙa'idar wurin ita ce a tara iyaye a rumfa, a yi musu bayani, sannan kowa ya miƙa ɗansa hannun masu reno, ya dawo ganinsa ranar Juma'a.

Madam, shugabar cibiyar, ta san binciken da nake rubutawa: shari'ar da aka yi wa likitoci da masu jinya a Jamus bayan yaƙin duniya na biyu, saboda kashe yara naƙasassu. Ta ce in gaya wa iyaye, su san doka tana bayan ƴaƴansu. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na tsaya gaban jama'a. Na faɗa musu yadda aka riƙa karɓar yara da sunan magani, aka hallaka su, aka aika wa iyaye cewa ciwo ne ya ɗauke su, da yadda daga baya aka gurfanar da masu laifin gaban alƙali.

Cikin masu saurare akwai wata mata daga Dakusa, Ya Hajara, da ɗiyarta mai shekara bakwai wadda ƙafafunta ba su ɗaukarta. Ina rufe baki ta jawo zane ta goya yarinyar, ta ce gida za su koma. Madam ta bi ta da lallashi, ta ce nan za a koya wa yarinyar tafiya da sanduna, ta shiga lakwal, wato makaranta. Ya Hajara ta ce su ma waɗancan ai magani aka ce musu.

A bakin ƙofa ta juyo gare ni.

"Ɗiyata, a wajen shari'ar, an san sunayen yaran?"

Na ce wasu an sani, don danginsu sun tsaya sun ambace su. Wasu kuwa lamba kawai aka samu.

Yarinyar ɗiyar farinta ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ko da safe da aka tambayi sunan, gwaggon yarinyar da ta rako su ce ta faɗa, ita uwar ta kau da kai. Sai ga shi ta koma rumfa, ta kwance goyon, ta bi masu reno ɗaya bayan ɗaya, har mai gadi da mai dafa abinci, tana cewa, "Balkisa sunanta. Maimaita in ji."

Gwaggon ta riƙe baki ta ce, "Hajara, yau kunyar ta tafi kiwo ke nan?"

Balkisa kuwa dariya take ta yi. Ta ce ba ta taɓa jin sunanta a bakin innarta ba, a ƙara.

Aka bar Balkisa a cibiyar. Na shiga aikin shari'a ina zaton hukunci ne babban abu. A rumfar nan na gane cewa kafin alƙali, sai an sami mai riƙe sunan yaro. Duk shari'ar da ta zo hannuna yanzu, ba na buɗe baki sai na kira sunan mai ita a fili.