Ranar da Aka Duba Tsagata

Shekara ashirin da 'yan kai bayan mahara sun sure ni a gonar gero, na komo garinmu Maijirgi da ƙafata. A can kudu, bakin babban kogi, wasu masu bin Almasihu suka fanshe ni, na zama ɗayansu. Na zaci da na ambaci sunan ubana za a rangaɗa guɗa. Wauta ce irin tawa.

Iyayena sun rasu, ƙanen ubana, wanda nike kira Baba, ke riƙe da gida. A ƙasarmu kuwa tsagar fuska ke faɗin ɗan gidan wa kake. Ni ubangidana na fari ya sa an ƙara mini wasu tsagu bisa na gidanmu, don kada a gane ni in na gudu. Wanda babu mai cewa nasa ne, bawa ne da ya tsere, sai a ɗaure shi a kai wa sarki a Tasawa. Dogarai biyu na tsaye bakin zaure, ɗaya da igiya a kafaɗa.

Baba ya kama haɓata ya juya ta hagu da dama.

"An ce ba ka salla."

"Ina addu'a, Baba, amma Almasihu nike bi."

"To, ji nan. Ka bar wannan abu yanzu gaban jama'a, in ce kai ɗanmu ne. In ka ƙiya, ban san ka ba."

Tsoro ya kama ni, don na san ciwon igiya. Bakina ya buɗe zai ce na bari. Abin da ya riƙe shi ɗaya ne. Sau uku aka sayar da ni, kowane mai saye sai ya duba haƙorana, ya latsa damtsena. Allah kaɗai ya karɓe ni bai duba komai ba. Don alheri ya mai da ni ɗa, kyauta, kuma ba ya mai da abin da ya karɓa.

"Baba, ina son gidan nan," na ce. "Amma ina da Uba, ba ni iya musun shi."

Mai igiya ya matso. Sai tsohon wanzamin garin, wanda tun ɗazu yake ƙura mini ido, ya taso ya bi kumatuna da yatsa.

"Tsagun saman ga aikin baƙon hannu ne," in ji shi. "Na ƙasa, na gidan nan, askata ce. Ɗa ne, ba bawa ba."

Dogarai suka tafi suna tsaki. Na juya ga Baba ina jira. Ya miƙe ya shige gida, ya saki asabari.

Ba a ɗaure ni ba, ba a kuma ba ni ruwa ba. Na ɗauki sandata na kama hanyar garin Kanan-Bakashe ina kuka kamar yaro, ina faɗa wa Ubana duk abin da suka yi mini.