Jakar Gishirin Yayana

Da aka raba kayan yayana bayan rasuwarsa, keken ne ya faɗo a kasona. Keken tsere ne, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, sai ka sunkuya kamar mai ruku'u kafin ka kama shi. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina da shagon atamfa, abin hawana kuma babur. Na jingine keken a zaure ya daɗe a nan, ina goge shi ranar Juma'a kawai.

Bayan matar marigayin ta fita takaba, ta kira ni wata safiya. Ta miƙo mini wata 'yar jakar saƙi, fara mai jan zare a baki, a wanke a ninke.

"Wannan ba tamu ba ce," in ji ta. "Ta tsohon nan ce na wajen Poli. Kada a bar wa marigayi nauyin kayan mutane."

Na san labarin tsohon, ko da yake ban taɓa ganinsa ba. Manomi ne, Kirista, a wani ƙauye a gindin duwatsu. Shekarun baya ruwa ya tare yayana kusa da gonarsa, ga taya ta fashe, tsohon ya kai shi gida ya kwana. Tun daga nan, kowace kaka yayana yakan hau keke ya je da jakar cike da gishiri da kanwa, ya dawo da ita cike da riɗi. Tsohon ba shi da waya, kuma ba wanda ya kai masa labarin rasuwar. Na ce zan je in faɗa masa da bakina, in mayar masa da kayansa. Da keken kuma zan je, don tsohon ya san keken, bai san ni ba.

Na yi 'yan kwanaki ina zagaya gari da yamma har ƙafata ta saba. Ranar tafiya ina idar da asuba na fita, jakar a ninke cikin jakar goyo, tare da gorar ruwa da famfo da kayan faci. A kan gadar Binuwai gari ya waye mini. Masunta na tura kwalekwale, ruwan ya ja baya ya bar yashi fari. Keken ba ya ƙara ko kaɗan, sai ɗan kukan sarƙa. Shekara nawa ina wuce gadar nan a kan babur, ban taɓa jin muryar masu wanki daga ƙasa ba sai ran nan.

A Ngong na tsaya shan shayi. Mai shayin, wani Bafulatani mai furfura a gemu, bai dube ni ba, keken ya duba.

"Jam na, Malam? A ina ka sato keken abokina?"

Na faɗa masa. Ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya yi salati, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya haɗa mini shayi da makala biyu, irin fanken nan namu, ya ce haka marigayin ke so.

"To tashi ka sayi gishirin," ya ce da na gama. "Ga matar can, wajenta yake saye."

"Jakar kawai zan mayar."

"Wayam?" Ya riƙe baki. "Kai, ko maƙwabciya ce ta aiko maka da tuwo, kana mayar mata da kwano wayam? Mutanen dutse kuwa, in jaka ta dawo musu ba komai, an yanke zumunci ke nan."

"Ai mai zumuncin ya tafi."

"Kai fa? Ba nono ɗaya kuka sha ba?"

Na san maganar kwano tun ina yaro, baƙin ciki ne ya mantar da ni. Amma ban saya ba. Na ga in na cika jakar nan, na ɗauki alkawarin zuwa kowace shekara, ni da shago da gwiwa mai ciwo. Akwai kuma abin da ban faɗa wa mai shayi ba: ban so in tsaya a inda yayana ke tsayawa. Na yi masa godiya na hau.

Daga Ngong hanya ta miƙe. Auduga ta fashe fari fat hagu da dama, mata na cirar gyaɗa suna shanyawa a bakin kwalta. Manyan motocin da ke fitowa daga Ngaoundéré in sun wuce sai iskarsu ta nemi ture ni, na koyi sauka gefe tun daga nesa. Wani garken shanu ya tsare hanya, na sa ƙafa a ƙasa ina jira, makiyayin na kallon tayar keken yana dariya. A shingen jandarma ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni ko man babur ne ya gagare ni. Na ce ƙwarai, ya ɗaga mini igiya.

Da rana ta take, gwiwoyina suka fara zafi ta baya. Na san dalili tun a gida. Yayana ya fi ni tsawo, sirdin ya yi mini sama, ina ta miƙa ƙafa kamar mai ɗauko kaya a kan kanta. Na ƙi taɓa shi ne don yayana ne ya ɗaure shi da hannunsa. A ƙarƙashin wata tsamiya na yi azahar, sannan na kwance kusoshin. A jikin ƙarfen sirdin na ga ɗan layin da ya karta da ƙusa, alamar tsawonsa. Na daɗe ina shafa shi da babban yatsa. Na sauke sirdin har layin ya shige ciki, na ɗaure.

Da na hau sai na ji kamar wani keken aka ba ni. Ƙafa ta zauna, baya ya huta. Akwai wata gangara mai tsawo bayan nan, na saki birki, iska ta cika mini riga. Na ji ina waƙar da muke yi muna yara in an aike mu niƙa. Duwatsun Poli suka ɓullo can gaba, shuɗi-shuɗi. Tun ranar jana'iza ban ji sanyi a ƙirjina kamar na lokacin ba. Na fahimci abin da ke fitar da yayana daga gida kowace kaka muna ce masa mahaukacin keke.

A mararrabar Poli, inda ake barin kwalta, akwai 'yan rumfuna. Na sayi ruwa. Kusa da mai ruwan wata mata ta kasa gishiri da kanwa. Na tsaya ina kallo har ta ce, "Baba, saye za ka yi ko ƙirgawa?" Na zaro jakar na buɗe mata baki.

"Cika ta," na ce.

Sauran hanyar ta jar ƙasa ce, ga tsakuwa ga yashi, ga nauyin gishiri a baya. Wani wurin na hau, wani wurin na tura. La'asar ta yi sanyi lokacin da wata mai ɗauke da itace ta nuna mini gidan. Tsohon na zaune a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa. Ya miƙe da sauri da ya hango keken, sannan ya tsaya cak.

"Sannu da zuwa, ɗana," ya ce da Hausar kasuwa. "Keken na sani. Zauna ka sha ruwa tukuna."

Sai da na sha, na huta, ya tambayi hanya da mutanen Garwa, sannan na faɗa masa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, leɓensa na motsi. Matarsa ta juya ta shiga ɗaki, na ji kukanta ƙasa-ƙasa.

Na fito da jakar na miƙa masa da hannu biyu. Bai buɗe ba. Ya ɗaga ta ya ji nauyinta, ya dube ni, ya sake ɗagawa.

"Wa ya ce ka cika?"

"Ba kowa, Baba. Mai shayi dai ya zage ni a Ngong."

Ya yi 'yar dariya yana share ido. Ya kira matarsa da yarensu. Ta fito da buta da tabarma kamar sabuwa, ta ce na yayana ne, ba mai taɓa su sai shi. Da na idar da salla na tarar da tsohon riƙe da zakara da wuƙa.

"Yayanka ke yankawa, don ya ci da mu," ya ce. "Ka iya, ko ɗan shago sai almakashi?"

Na karɓi wuƙar.

Washegari da safe matar ta kawo jakar, an cika ta da riɗi an ɗinke bakin da jan zare. Tsohon ya raka ni har bakin rafi yana riƙe da sirdin keken.

"Ka sauke shi," ya ce.

"Ya fi ni tsawo."

"Ya fi ka surutu ma. Baɗi ka fito da wuri, ka ƙara kanwa, awakina sun yi yawa."

Na ce to. Riɗin na kai wa matar yayana, ta yi kantu ta rarraba wa gidajenmu. Jakar kuma ta mayar mini, da 'yan dunƙule uku a ciki.