Reshen da Ya Ƙetaro Katanga

Wanda ya gina gidan da na saya a unguwar Dogo Tebo mutum ne mai ƙaunar siminti. Bai bar ko tafin hannu na ƙasa a tsakar gida ba. Ranar da na je dubawa damina ce, an kwana ana ruwa, sai na ga tsafta na yaba. Bazarar farko ce ta yi mini bayanin abin da na saya. Daga hantsi daɓen zai fara shan rana, ya yi ta sha har la'asar, bayan magariba kuma ya shiga amayo mana ita kamar kaskon da aka sauke daga wuta. Ni malamin labarin ƙasa ne, na daɗe ina zana wa ɗalibai a allo yadda ganye ke sakin danshi ya sanyaya iska, ina ba da maki ga wanda ya haddace. A gidana dai ba ganye ko ɗaya, in ban da na aro.

Na aron kuwa na maƙwabcina ne na yamma, wani dattijo Alhaji ɗan kasuwar hatsi, wanda kakanninsa suka zo daga Barno. Akwai tsohuwar bishiyar maina a cikin gidansa jikin katangar da ta raba mu, wadda mutanen Kano ke ce wa darbejiya. Wani babban reshenta ya ƙetaro wajenmu. Da rana ta karkata sai inuwarsa ta kwanta a kusurwar tsakar gidana, daidai faɗin tabarma biyu. A wannan kusurwa kaɗai mutum ke iya taka ƙasa ba takalmi.

Shekarar da mahaifina ya rasu na ɗauko Inna daga ƙauyenmu da ke bayan Nangere. Tana da hawan jini, ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya ba kowa kusa, kuma maganinta sai ana tuna mata. Ta zo ne ba da son ranta ba. Bafulatana ce ta gaske, ni kuma ɗan fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Duk abin da take so in ji sai ta faɗa wa matata, ko da ina zaune a gabanta.

"Ki gaya wa mutumin nan, tanda ya saya, ba gida ba."

"Inna, ai yana jin ki," in ji matata.

"Ni dai ke na gaya wa."

Kayanta suna ƙulle cikin zane a gefen gado, ba ta kwance ba. In tana son ɗankwali sai ta zura hannu ta zaro, ta sake ɗaurewa. Mun san ma'anar ƙullin nan. Abin da ya hana ta ɗora shi a ka shi ne kusurwar nan. Da an yi azahar za ta ja tabarmarta can, ta ajiye buta da carbi, ta jingina da katanga, ta yi ta sauraren tsuntsaye har rana ta faɗi. Ta ce iskar wurin tana kama da ta gindin tsamiyarsu ta gida, sai dai ba ta kai ta ba. A wajen Inna wannan babban yabo ne.

To, a unguwarmu akwai wata ɗabi'a ta mutunci. In reshen bishiyarka ya shiga gidan maƙwabci, kai ne za ka sa a sare kafin ya buɗe baki, don kada ganye ya dame shi da shara, kada kuma iskar farkon damina ta karya shi a kan rufinsa. Wanda ya jira aka yi masa magana ya ji kunya. Alhaji kuma kullum da safe yana ganin matata ta tara ganyen maina a bakin ƙofa, ya yi ta lissafin irin haƙurin da muke yi da shi.

Wata ranar Laraba bayan sallar la'asar ya riƙe hannuna a ƙofar masallaci.

"Malam, na ji nauyinka ƙwarai. Ranar Asabar mai sara zai zo ya raba ku da wahalar nan."

"Wace wahala, Alhaji?"

"Reshen nan. Iyalinka sun zama bayin tsintsiya."

"Alhaji, don Allah a bar shi. Muna jin daɗinsa."

Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata. "Allah ya yi maka albarka. Haka mahaifinka yake, ba ya son a ji kunya a gabansa."

Na sake cewa da gaske nake, ya sake yaba tarbiyyata. Na rantse, ya ce ba sai na rantse ba, ya san halina. A nan na gane ramin da na faɗa. A garinmu duk wanda aka ce za a ɗauke masa wata ɗawainiya cewa yake a bar shi, ba komai, kuma duk mai hankali ya san ba a ɗaukar wannan magana. Ba wata kalma da ta rage mini wadda masu kara ba su riga sun cinye ba. Iya ƙarfin da na roƙa, iya girman da na ƙara a idonsa, gatari kuma na ƙara matsowa.

Na dawo gida na faɗa wa matata, a gaban Inna, don ni ma na koyi hanyar. Da yamma sai na ga Inna ta wanke takalmanta na tafiya ta jingine a bango.

Ranar Asabar da hantsi muka ji muryar Alhaji ta bayan katanga yana sanarwa kamar yadda aka saba: za a hau bishiya, mata a shiga daga ciki. Matata ta shige ɗaki. Inna kuwa ta ɗauki tabarma, ta ratsa daɓen da ya fara zafi, ta shimfiɗa daidai ƙarƙashin reshen, tun inuwar ba ta iso ba, ta zauna. Mai saran ya hau, ya leƙo, ya ga tsohuwa, ya sauka da sauri. Jim kaɗan sai ga Alhaji ya yi sallama a zaure, na shigo da shi.

Na manta da abu ɗaya, Inna ba ta manta ba. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kuma a cikin wasan nan ba a san kara ba.

"Inna, barka da hantsi. A ɗan matsa ciki kada reshe ya faɗo miki."

"Kai Babarbare, wa ya ba ka izinin taɓa inuwata?"

"Inuwarki? Yaushe Bafulatana ta dasa bishiya? Ku da sai dai ku sassabe ganyen mutane ku ba shanu."

"Ban dasa ba. Bawa ke dasawa, uwargijiya ta sha inuwa. Haka muka taras."

Alhaji ya yi dariya har ya riƙe hularsa. "To ranki ya daɗe, ai sharar ce nake tausaya wa."

"Ka taɓa jin wanda shara ta kashe? Cire takalminka ka taka nan."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya cire takalmi ɗaya ya ɗora ƙafa a kan simintin, ya ɗauke da sauri fiye da yadda shekarunsa suka yarda.

"Yauwa," in ji Inna. "Ka sare, gobe in hau mota in koma inda na fito. In na faɗi a bakin rijiya, a ce wani Babarbare ne ya kore ni da ladabi."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya juyo gare ni. "Malam, ashe da gaske kake yi ranar nan?"

"Na rantse maka, Alhaji."

"Ai kowa ma rantsewa yake yi," ya ce a hankali, yana mayar da takalminsa.

Bai sallami mai saran haka nan ba. Ya sa shi ya rage rassan da ke ɓangarensa, waɗanda ke gogar rufin ɗakin ajiyarsa, ya bar namu. Bishiya kuwa in an tare ta ta nan sai ta miƙa ta can. Cikin damina biyu inuwar ta ci rabin tsakar gidana, ɗakin Inna ma ya daina ɗaukar zafi da yamma. Na sa aka fasa simintin a kusurwa, matata ta dasa lemun tsami inda ruwan alwala ke zuba.

Ban san ranar da Inna ta kwance ƙullinta ba. Na dai shiga gaishe ta wata safiya na ga zanen a shimfiɗe a kan gado, kayan suna cikin akwati. Ta zauna da mu shekaru masu daɗi, tana shan maganinta a kan kari, tana rigima da Alhaji ta saman katanga. Duk lokacin da ya aiko mata da dabino sai ta ce haraji ne, kuma ya yi kaɗan. A ɗakin nan ta cika, muna kusa da ita, Alhaji ne kuma ya tsaya a sahun gaba wajen jana'izarta.

Yanzu in na hau Keke Napep zuwa kasuwa ina lura da yadda iska ke sauyawa daga layi zuwa layi. Inda tsofaffin maina suka haɗa kai a sama, direba da kansa yakan rage gudu. Inda aka sare aka jera shaguna, kowa ya yi shiru yana sharce gumi. Alhaji ya tsufa, ba ya fita sosai. Duk farkon damina yakan aiko babban ɗansa ya tambaye ni ko reshen ya dame mu. Ba na ce masa "ba komai". Cewa nake ya gaya wa Baba uwargijiyarsa ta bar wasiyya, kuma ni ne mai tsaron ta.