'Ya'yan Malamin Makaranta Uku Masu Suna Ɗaya

Na daɗe ina aikin ɗakin karatu a wata makarantar kuɗi a Dubai, kuma a duk malaman da suka ratsa ta gabana babu wadda ta cinye mini lokaci kamar wata dattijuwar Baturiya mai koyar da tarihi. Doguwa ce siririya, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya rataye a wuya, kullum tana neman wanda yake idonta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba ta haihuwa ba, ritaya kuma ta ƙarato. Abin da ta sa a gaba shi ne binciken asalin danginta. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta dangana da wani kakan kakanninta da ya yi malamin makaranta a wani ƙaramin gari a Ingila, wajen shekara ɗari huɗu da suka wuce. Ta ce koyarwa a jininsu take, kuma tana so ta gani a rubuce kafin ta ajiye alli.

Da farko abin dariya yake ba ni. A wurinmu in kana son sanin asalinka sai ka sayi goro ka je gaban tsohuwa ka zauna, ta jero maka su tiryan-tiryan, har da wanda ya gudu da akuyar maƙwabta. Su kuwa in ba takarda, ko kakanka ne ya fito daga kabari ya yi musu bayani, sai sun ce ina shaida. Na taɓa gaya mata haka, ta yi dariya ta ce ai ita tsofaffinta duk sun ƙare, ita ce ta rage.

Yadda na shiga maganar shi ne idonta ya yi rauni. A zamanin malamin nan, kowane coci yana da littafin da ake rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. An ɗauki hotunan shafukan an zuba a intanet, sai ta riƙa zuwa lokacin hutun tara tana buɗewa a kwamfutar da ke kusa da teburina, tana kai hancinta har jikin gilashin. Rubutun kuwa kamar kaji sun yi tono. Ni kuma kafin in zo Dubai na yi aiki a Zariya a wurin adana tsofaffin takardun ajami, waɗanda gara ta ci rabi ruwa ya lashe rabi. Idon da ya saba da waɗannan ba zai ji tsoron rubutun Bature ba. Cikin 'yan makonni na gane yadda suke murɗa haruffansu, har na fi ta sauri, abin da bai yi mata daɗi ba ko kaɗan.

Mun sami takardar izinin koyarwa da shugaban coci ya ba malamin. Mun sami aurensa. Mun kuma gano cewa shekaru da yawa shi ne mai rubuta littafin cocin da hannunsa, tunda a garin ba kowa ne ya iya riƙe alƙalami ba. Na saba da hannunsa har ina gane ranar da yake sauri da ranar da ya feƙe alƙalami ya natsu.

Sai muka zo inda ta cije. Ɗan da ta fito ta tsatsonsa ya bayyana sau uku a shafukan baftisma. Suna ɗaya, uba ɗaya, uwa ɗaya, tsakanin kowanne da na bayansa shekara biyu ko uku. Mako biyu tana kame-kame. Yau ta ce kuskuren mai kwafi ne, gobe ta ce wataƙila akwai wasu mutane biyu a garin masu sunan malamin, har ta fara rubuta wasiƙa zuwa ma'ajiyar takardu ta can Ingila. Ranar da ta jera mini shafukan uku a gefen juna, na gane abin da ya faru tun kafin in gama karanta na biyu.

Na ce mata, "Buɗe wurin waɗanda aka binne."

Ta ce ai ta san lokacin da ɗan ya mutu, ya tsufa tukuf, har jikoki ya gani. Na ce ta dai buɗe. Muka koma baya shafi-shafi. Na farkon yana nan, an binne shi bai cika wata biyu ba. Na biyun ya ɗan wuce shekara. Kuma hannun nan ne da na sani, hannun ubansu, shi ya rubuta zuwansu, shi ya rubuta tafiyarsu, sannan ya sake tsoma alƙalami a tawada ya ba wani jariri sunan. Ta cire tabaran ta daɗe tana gogewa da gefen rigarta. Ta ce ta san mutanen wancan zamani suna yin haka, ta karanta, ta ma koyar a aji, amma ko sau ɗaya bai zo mata a rai cewa a gidansu aka yi ba. Sai ta tambaye ni yadda aka yi na gane da wuri. Na ce sa'a ce kawai, na tashi na tafi jera littattafan da ba su buƙatar jerawa.

Ƙarya na yi mata. A lokacin ina da ciki wata bakwai, kuma shekara uku kafin nan na haifi ɗana na fari a wani asibiti a unguwar Deira. Ranar bakwai maigidana ya raɗa masa sunan mahaifinsa, aka ci tuwo da naman suna a ɗan falonmu na unguwar Abu Hail, matan 'yan Nijeriya da 'yan Gana suka cika gidan har baranda. Ranar tara numfashinsa ya sarƙe, kafin la'asar ya koma. A ƙasar mutane ba a binne gawa sai da takardu, don haka maigidana ya wuni yana zirga-zirga tsakanin ofisoshi, aka ba shi takardar haihuwa da ta mutuwa kusan a tare. Aka kai shi maƙabartar da ke wajen Muhaisnah, bayan gidajen leburori. Ban je ba, mata ba sa zuwa. Da ya dawo ya nuna mini lambar kabarin a wayarsa, don can lamba ake sa wa.

Ban taɓa faɗin sunan yaron nan da bakina ba. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina, kunya biyu ta haɗu. Haka aka tarbiyyantar da mu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ba ta zama tana zancensa. Masu gaisuwa suka ce ruwa ne ya zube, Allah ya bar tulun, na ce amin. Na koma aiki, na ci gaba da faɗa da yaran da ke naɗe kunnen littafi. Abin da ya rage masa a duniya duka shi ne wannan suna, a kan takarda biyu, a cikin wata jaka mai zif da muke ajiye fasfo.

To a watan da muka gano 'ya'yan malamin, a watan ne maigidana ya ce mini in Allah ya sake ba mu namiji zai mayar da sunan. Mahaifinsa ya rasu a tsakanin, shi kaɗai ne ɗa namiji, kuma surukata tana ta yi masa waya daga Kano kada sunan Alhaji ya ɓace a gidan. Muna cin abinci ya faɗa, kansa a ƙasa. Raina ya yi mummunan ɓaci. Ina so in ce masa sunan yana da mai shi, kwana biyu ya yi yana ɗauke da shi, kuma ba shi da komai sai shi. Amma fa, ta ina zan fara, in kama zancen ɗan fari da miji, in kuma ce kada a sa sunan ubansa? Na ce Allah ya sauke mu lafiya, na kwashe kwanuka.

Bayan 'yan kwanaki wasiyyar malamin ta zo mata daga Ingila, muka zauna karantawa. Ya bar wa ɗansa littattafansa da teburinsa, ya ambace shi da suna. Ya bar wa matarsa gado da tukwane. Can ƙasa ya roƙi a binne shi kusa da ƙananan 'ya'yansa maza biyu. Bai faɗi sunansu ba. Na karanta layin sau uku ko na tsallake wani abu, babu. Mutumin da ya rubuta sunan da hannunsa sau biyar a littafin coci, da ya zo tafiya ba shi da abin da zai kira su da shi, don ya riga ya ba mai rai. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, kuma har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Da bincike ya kammala ta zana bishiyar dangin za ta kai wani shagon buga takardu a unguwar Karama a fitar mata a babbar takarda. Ta nuna mini tana murna. Layi ne ɗaya miƙe, daga malamin zuwa ɗansa na uku, har ya sauko kanta. Na duba sama da ƙasa ban ga jariran ba. Ta ce ta bar su ne don babu wanda ya fito ta wajensu, kuma wuri ya yi kaɗan.

Na ce, "Wuri bai yi kaɗan ba. Ke ma babu wanda ya fito ta wajenki, ga ki kuma a ciki."

Magana ce mai zafi, ban kyauta ba, kuma na ga ta shige ta. Sai ta ɗauki biro ta zana ƙananan akwatuna biyu a gefen na ukun, ta rubuta sunan a kowanne. Ta ce na yi gaskiya. A jirgin ƙasa ina komawa gida na yi ta mamakin kaina: ina da bakin da zan tsaya wa 'ya'yan wani Bature da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakana, amma nawa ɗan na kasa cewa uffan a kansa.

Na haihu, namiji. Ranar suna ina ɗaki na ji an yi addu'a a falo, na ji an faɗi sunan, mata suka rangaɗa guɗa kaɗan-kaɗan saboda maƙwabta. Da mutane suka watse maigidana ya shigo ya zauna a bakin gado yana kallon jaririn. Ya ce ya daɗe yana jin kamar sunan yana kwance shi kaɗai a Muhaisnah, shi ya sa yake so ya dawo da shi gida, kuma ya ga kamar ni ma zan ji sanyi tunda ban ce komai ba. Sai a ranar na san shi ma abin yana cinsa, kowa ta hanyarsa. Amma an riga an yanka rago. Na ce Allah ya raya.

Baturiyar ta yi ritaya a ƙarshen wannan shekarar karatun. Ta bar mini kwafin bishiyar a naɗe, yana nan saman kabad ɗina. Mun ɗan yi shekara biyu muna gaisawa ta waya, daga baya saƙonnina suka daina samun amsa, ban kuma san wanda zan tambaya ba.

A gida ba ma kiran yaron da sunansa na yanka, laƙabi muke kiransa da shi, kamar yadda ake yi wa duk mai sunan kaka. A makaranta ne kawai malamansa suke kiran sunan. Shekaru suka yi ta tafiya a haka har ya kai bakwai, ya iya karatu, ya zama ba ya barin ko kwalin madara sai ya karanta.

Wata Asabar da hantsi na zazzage jakar nan mai zif a kan gado ina neman takardun sabunta biza. Na shiga kicin in rage wuta. Da na dawo na same shi a tsaye da takarda a hannu, yana bin layin Turancin da yatsa. Ya ɗago ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Umma, an rubuta na mutu."

Na zauna a ƙasa. Na jawo shi na ce ba shi ba ne, yana da wa, an haife shi kafin shi, ya yi kwana tara ya koma, yana nan kwance a garin nan ba nisa. Ya tambaye ni ko yana kama da shi, na ce gashinsu iri ɗaya ne. Ya tambaye ni me ya sa ba a taɓa gaya masa ba. Sai na karɓi takardar na dubi layin, kuma bayan shekara goma, karon farko a rayuwata, na buɗe baki na kira ɗana na fari da sunansa.

Wanda ke jikina ya ɗago kai ya ce, "Na'am, Umma."