Agwagin da Suka Cika Shiru

Bakina ne ya jawo mana. Ina sayar da kayan gyaran mota a Apo, kuma cikin masu saye a wurina akwai wani dattijo mutumin Filato, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda da ya yi ritaya ya sayi bindiga mai baki biyu da lasisinta, ya shiga koyon farautar agwagin ruwa a waya. Muka zama abokai, shi ya ja ni. Duk Asabar sai mu tafi wani tafki da ke gaba da Masaka, mu dawo da taɓo har gwiwa, in an yi sa'a da agwagwa ɗaya. Mu duka sababbin shiga ne, amma ni ina da abin taƙama. Kowane kuskure muka yi sai in ce ai da Baba na nan da ba haka ba. Na cika wa mutumin nan kunne da labarin mahaifina, yadda ya yi suna a fadamun Haɗeja, yadda yake sauko da dinya, babbar agwagwar ruwan nan, daga sama tun ba ta gama karkato fiffike ba.

Sai ga Baba ya zo Abuja ganin likitan ido. Likita ya ce yanar ido ta rufe masa duka biyun, sai an yi aiki. Baba ya ce idonsa lafiya lau, fitilun garin nan ne suka yi yawa. Duk gidan ba wanda ya iya musa masa, balle ni da nake ɗan fari, ko haɗa ido da shi ban saba yi ba. Da abokina ya ji labarin ya iso, sai ya dage lallai a tafi da shi tafki ya koya mana. Na rasa bakin cewa a'a, don ban taɓa gaya masa abin da ya kawo Baba ba. Shi kuwa Baba da na faɗa masa, har hularsa ya sa aka wanke.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Keffi, kuma a mota Baba ya yi maganar da ban ji ya yi irinta ba tun zuwansa. Ya ce agwagwa iska take fuskanta in za ta sauka, saboda haka maharbi ya ba iska baya, za su zo masa ta gaba. Ya ce kada mu ɗaga fuska in suna shawagi, fuskar mutum ƙyalli take yi daga sama. Ya ce a kowane garke akwai wadda ba ta kiwo, kanta a miƙe, ita ake lura da ita ba masu nutso ba. Dinya sai ta zagaya ta sake zagayawa kafin ta yarda da wuri, kirinjijiya kuwa, ƙaramar nan mai farar fuska, ba ta iya riƙe bakinta, ko a zaune fito take yi. Abokina yana tuƙi yana gyaɗa kai. Ni ina baya sai kumbura nake yi.

Muka zaunar da Baba a cikin ciyawa, muka fito da agwagin roba da wani ɗan'uwan abokina ya aiko masa daga waje. Ana ɗaura musu nauyi a jera su a ruwa don na gaske su gani su sauka. A gaban Baba muka shiga ruwa muka jera su, na ɗauka ya gani. Daga nan abokina ya zagaya ta wancan gefen, muka ji harbi ɗaya. Baba ya ce ya yi gaggawa, ya kori sauran. Abokina ya dawo a sunkuye da kirinjijiya a jaka, bai ce komai ba, don Baba ya hana magana.

Da rana ta ɗan ɗago, sai Baba ya taɓa gwiwata, ya nuna ruwa da haɓa.

“Ga su can sun sauka,” ya ce a hankali. “Amma sun cika shiru.”

Agwagin roba yake nunawa. Ya miƙa hannu a ba shi bindiga, abokina ya dube ni, ni na dubi ƙasa. In na ce Baba roba ce, na gaya masa a gaban baƙo cewa ba ya ganin abin da kowa ke gani. Abokina ya jira, da ya ga ba zan yi magana ba, ya miƙa masa bindigar da hannu biyu.

Baba ya yi bisimilla ya harba. Ko a haka bai yi kuskure ba. Abin ya yi ƙara kamar an doki jarka, ɗaya ta kife, sauran suna ta rangaji a inda suke. Ba fiffike ɗaya da ya motsa. Baba ya karkata kunne yana jiran ƙarar tashin garke, ya daɗe yana jira.

“Baba, ka same shi!” in ji abokina da Hausarsa ta Abuja, yana tura mini jakarsa ta bayan Baba. “Oga, je ka ɗauko masa.”

Na gane nufinsa, kuma na san don alheri ya yi. Na zare kirinjijiyar na ɓoye a riga, na shiga ruwa har ƙugu, na tsoma ta ta jiƙe, na dawo na durƙusa na miƙa wa Baba ina yi masa barka. Muryata ma ban gane ta ba.

Ya karɓa. Bai kai ta kusa da ido ba. Ya cusa yatsu ƙarƙashin fiffike, ya taɓa wuya, ya lanƙwasa ƙafar ya ji yadda ta fara sandarewa. Sannan ya juyo wajena, ba faɗa, ba ɗaga murya.

“Wanda ya harbe ta ya ambaci sunan Allah? Ina so in san ko za ta ciwu a gidanka.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Abokina ya cire hularsa ya riƙe, ya ce ya yi addu'a irin ta addininsu, Baba ya yi haƙuri. Baba ya ce ba komai, ya miƙa masa agwagwar, ya yi masa barka da harbi mai kyau, ya mayar masa da bindigarsa. Na koma ruwa na tattaro robobin ɗaya bayan ɗaya, ina jan lokaci don kada in dawo in tsaya a gabansa.

Da na gama, na same shi a tsaye yana fuskantar inda ba nan motar take ba. Ya ji motsina, ya miƙo hannu.

“Zo ka riƙe ni,” ya ce. “Ba na ganin hanya.”

Na riƙe shi. Muka bi ta gonakin shinkafa a hankali, ina gaya masa inda kunya take da inda rami yake, yana ɗaga ƙafa duk inda na ce.