Baba Filibus Mai Hoto da Fim Ɗin Trikania

Shagon Baba Filibus Tagwai yana bakin hanyar Kakuri, tsakanin mai gyaran keke da wata mata mai sayar da burodi. Mutumin Kwoi ne. Ya zo Kaduna yana saurayi neman aikin masaƙa, ba a ɗauke shi ba saboda tarin da yake fama da shi a lokacin, sai wani Bayarabe mai hoto ya koya masa sana'a. Ya fi shekara ashirin yana ɗaukar ma'aikatan masaƙa hoton da za su aika ƙauye. A shagon akwai kwat guda ɗaya, da lakataye biyu, da agogon hannu da ya daɗe da tsayawa. Mutum zai shigo da rigar aiki duk auduga, ya fito a hoto kamar babban akawu.

"Ba wanda yake zuwa wurin mai hoto don a nuna wa uwarsa yana shan wuya," haka yakan ce.

Ba mutum ne mai yawan magana ba. Labarin nan ma a bencin ƙofar shago ya ba ni shi, a hankali, yana yi yana tsayawa in mai neman hoton fasfo ya shigo.

A shekarar 1987 masaƙu suna ta rage ma'aikata, gidaje da yawa a kudancin kogi suka koma cin abinci sau ɗaya. Wata ƙungiyar taimako ta coci-coci mai ofis a Jos ta ce za ta buɗe wurin ciyar da yara masu tamowa a Kaduna, guda ɗaya tak, kuma unguwa uku ake dubawa. 'Yan kwamitin ba za su zo da kansu ba. Aka ce a yi ɗan gajeren fim a kowace unguwa, su kalla su zaɓa. Ma'aikacinsu, wani ɗan Binuwai mai suna Mista Wilson, ya nemi Baba Filibus ya riƙe kyamara a Trikania. Gwangwanin fim biyu aka ware wa unguwar, kowanne bai wuce minti goma ba. In ya ƙare ya ƙare, kuma sai an kai Legas an wanke kafin a san abin da aka ɗauka.

Baba Filibus ne ya zaɓi gidan wata mata mai suna Celina, don shi ya ɗauki hoton aurenta. An sallami mijinta Benson daga aiki, ya tafi Fatakwal nema, wata bakwai ko wasiƙa babu. Tana ɗaki ɗaya da yara uku. Ranar Alhamis ya je ya duba. Tabarma ce da tukunya da kwanon koko. Autar, Rifkatu, 'yar shekara uku, tana zaune a lungu ba ta ko kuka. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, ƙafafunta da kumatunta sun kumbura. Ya danna bayan ƙafarta da yatsa, wurin ya loɓa ya ƙi dawowa.

"Ranar Asabar za mu zo, 'yata. Kada ki canza komai. In mutanen Jos suka ga ƙafar yarinyar nan, magana ta ƙare."

Da zai tafi sai ya biya ya sanar da fasto, don bai dace a shiga gidan 'yar coci da baƙi fasto bai sani ba. Fasto kuma ya faɗa a taron zumuntar mata ranar Juma'a, don a sa abin a addu'a.

Ranar Asabar da safe suka ƙarar da gwangwani ɗaya a kan layin famfo da mazan da ke zaman banza a gindin mangwaro. Da suka isa gidan Celina, Baba Filibus ya tsaya a ƙofa yana tsammanin ya yi ɓatan kai. An shafe ɗakin da farar ƙasa. Ga kujerun kushin biyu, ga gado mai zanen gado, ga labule, ga fulas a kan tebur. Mata kusan goma sha biyar sun cika tsakar gida cikin ankon zumunta. Celina na zaune da zanen aro, an kafa mata ɗauri. A cinyarta ga Rifkatu cikin rigar Kirsimetin wata yarinya, an shafa mata basilin, an sa mata hula mai leshi da farar safa har gwiwa.

Ya juya wurin shugabar zumunta.

"Mama Naomi, mene ne wannan?"

"Mene ne me? Fim fa aka ce. Har Jos za a kalla, ƙila har Turawa. Kana so a ce muna nan da ranmu 'yar'uwarmu tana kwana a ƙasa?"

"Ai a ƙasan take kwana, Mama."

"To, ban da yau. Kai da kake ba mutane aron kwat, yau kai ne za ka yi mana wa'azi?"

Matan suka kwashe da dariya. Tun asuba suke jidar kayan nan a ka, wata ma daga Unguwar Sanusi ta kawo labulen.

Mista Wilson ya ja shi gefe. "Oga Filibus, wannan ai ɗakin hedimasta ne. Su kwashe kayan nan, abeg. Ko hular da safar a cire. Kai suka sani, kai za ka faɗa."

Ya shiga ya durƙusa gaban Celina. Ya ce mini tun da Benson ya tafi bai ga ta zauna ta miƙe wuya haka ba.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "in babanta ya ga fim ɗin nan a can fa? Ko mutanen ƙauyenmu?"

"Ba za su gani ba, 'yata."

"To. In ka ce a cire, a cire."

Ta kai hannu kan hular. Matan da ke ƙofa suka zuba mata ido.

"Bar shi tukuna," in ji Baba Filibus.

Ya gaya wa Mista Wilson zai fara ɗaukar su haka don ran matan ya kwanta, daga baya ya sauke safar ya ɗauki ƙafar kusa-kusa. Da gaske yake nufi. Amma da ya sa ido a kyamara sai hannunsa ya koma aikin da ya saba. Ya matsar da kujerar wajen haske. Ya ɗaga haɓar Celina. Ya gyara wuyan rigar yarinyar, ya kaɗa yatsu yana yi mata kukan tsuntsu kamar yadda yake yi wa yara a shago. Sai Rifkatu ta yi murmushi. Uwarta ta ce rabonta da haka tun kafin Ista. Mata suka yi guɗa, wata ta tayar da waƙar godiya, aka kama tafi. Shi kuwa ya kasa ɗauke yatsa daga maɓallin.

Da ya tuna, ya durƙusa ya ja safar ƙasa, sai ya ji kyamara ta canza ƙara. Fim ya ƙare.

Bayan wata ɗaya Mista Wilson ya dawo daga Jos. Ya ce ya yi bayani da baki iya ƙoƙarinsa, amma kwamiti sun ga abin da suka gani. Sun ce mutanen Trikania da sauran ƙarfinsu. Wata daga cikinsu har ta yaba da kumatun yarinyar, ta ce ɓul-ɓul da ita. Aka buɗe wurin ciyarwar a wata unguwa can ƙetaren kogi. Sau biyu Celina tana goya Rifkatu ta kai ta, ana ce mata sai an gama da yaran da ke cikin jerin sunaye. Cikin watan Agusta yarinyar ta rasu. Baba Filibus ya je jana'iza, ya tsaya can baya.

Tun daga nan bai sake riƙe kyamarar fim ba. An neme shi wani aikin a Kamazou, ya ce idonsa ya yi rauni, alhali har yau ba ya sa tabarau.

Mista Wilson ya bar masa fim ɗin, tunda ƙungiya ba ta da abin yi da shi. Sati biyu da jana'iza Celina ta zo shago ta ce tana so ta gani. Ya ari majigin coci, da rana tsaka suka rufe tagogin ɗakin ajiya da barguna, su biyu kawai. Layin famfo ya wuce, mazan gindin mangwaro suka wuce, sai ga Rifkatu a jikin bango tana murmushi. Celina ba ta yi kuka ba. Ta matsa da bencinta gaba.

Da hasken ya ɗauke ta ce, "Ko hoto ɗaya ban taɓa yi mata ba. Allah ya saka maka, Baba. Ka fitar da ita da kyau."

"'Yata, fim ɗin nan ne ya hana ta wurin. Da na bari kin cire hular nan..."

"Na sani. Fasto ya gaya mini." Ta gyara zama tana fuskantar bango. "Sake sa mini, Baba. Daga inda ta ɗago kai."

Ya tashi ya mayar da naɗin baya da hannu, ya sake kunnawa.