Baba Bai Gani Ba

Malam Abdulhadi Tanko ɗan jarida ne, amma in ka gan shi a kan tsohon babur ɗinsa, da jakar fata a rataye da hular da ta koɗe, sai ka rantse malamin gona ne ya fito duba tsutsa. Shekararsa hamsin da biyu. An haife shi a Kukar Tanko, wani ƙauye da ke bayan Dawanau, inda gona ke manne da gona har ba ka gane inda wannan gari ya ƙare wancan ya fara. Mahaifinsa manomi ne mai karantar da allo a zaure. Shi kuwa shekara goma sha takwas ya yi yana koyar da Hausa a firamare, kafin wani gidan rediyo mai zaman kansa a Kano ya ɗauke shi wakilin karkara.

Da farko labarin taki da farashin gero yake aikawa, ana karantawa ana wucewa. Rannan sai ya aika da labarin samarin ƙauyensu da suka fara ɗaura sifika a jikin amalanke, shanu na jan taki waƙa na tashi. Ai kuwa wayar gidan rediyon ba ta huta ba. Daga nan aka yanka masa minti goma sha biyar duk Alhamis bayan la'asar, aka sa wa shirin suna "Me Ake Yayi?"

Yana da tsarin aikinsa, kuma yana ji da shi. Ba ya tambayar saurayi me ake yayi, don a cewarsa abin da yaro yake so ubansa ya ji shi zai gaya maka. Mutum uku yake bi: tela, da mai cajin waya da ke tura wa mutane waƙoƙi, da mai aski. Ya je ya zauna a benci, ya sayi rake yana sha, ya yi kamar ba ya wurin. Sai ya ga abu a ƙauye uku kafin ya kira shi yayi. Abin da ya gani kuma ya rubuta a littafin 'yan makaranta mai falle arba'in. Irin littattafan nan sun cika kwali a ƙarƙashin gado, matarsa Asama'u kullum tana mita wai su suke tara mata kyankyaso.

Abu ɗaya za a yaba masa, ba ya wa'azi. Bai taɓa buɗe baki a rediyo ya ce yaran zamani sun lalace ba. Wando ya tsuke, zai ce ya tsuke. Ya buɗe, zai ce ya buɗe, ya kuma faɗi daga wace kasuwa abin ya taso. Shi ya sa samari ba sa yin shiru in ya zauna.

Bencin da ya fi zama shi ne na Sabiru mai aski, a bakin kasuwar Kukar Tanko. Sabiru saurayi ne ɗan shekara ashirin da shida, ya koyo aski a unguwar Bacirawa a Kano. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gonar tsakanin magada tara, abin da ya samu kunya goma sha biyu ne, ko abincin wata biyu ba sa bayarwa. Saboda haka shagon nan na langa-langa, da kujera ɗaya, da madubi, da sola ɗaya a rufi, shi ne cinsa, shi ne cin matarsa da jaririyar da ta haifa masa.

Sabiru yana da kai, wannan ba a ja. Samarin gari suna son askin da suke gani a waya, a bar gashi a sama a ja layuka biyu a gefe, amma wa ya isa ya shiga gidan ubansa da wannan kan? Sai Sabiru ya ɓullo da dabara. Duk wanda ya zo, sai ya ce, "Ina hularka?" Ya kafa masa ita a ka yadda ya saba sa ta, ya ɗauki alli ya zagaye bakinta, sannan ya cire. Daga layin allin zuwa ƙasa, askin mutunci, irin wanda ko liman ya gani zai sa albarka. Daga layin zuwa sama kuwa, nan ake baje fasaha. A gida da masallaci hula na kai. In an fita filin ƙwallo ko za a ɗauki bidiyo, a tuɓe ta a cusa a aljihu. Samari suka sa wa askin suna "Baba bai gani ba". Kafin wata uku, daga ƙauyuka huɗu ake zuwa da hula a hannu ana bin layi.

Malam Abdulhadi ya ga abin tun daga kan mutum na farko, kuma ya burge shi ƙwarai. Shekara bakwai yana wannan aiki, duk wani yayin ado da ya bi, daga birni ya gangaro. Wannan ne na farko da ya ga an ƙirƙire shi a ƙauye, a gaban idonsa, da allin naira hamsin. Daɗi ya kama shi, ya ƙagu duniya ta ji. Ya zauna ya tsara rahoto mai kyau, har da yadda ake zagaye hular. Ya kuma yi abin da aikin jarida ya koya masa, bai faɗi sunan Sabiru ba, bai faɗi sunan gari ba. Cewa ya yi, "wani mai aski a wani ƙauye bayan Dawanau."

To, Malam, wane ƙauye? Duk Kukar Tanko wa bai san muryarka ba, wa bai san bencin da kake shan rake ba? Ga kuma abin da ya manta, duk da littattafansa cike da kwali: samarin da yake ba da labarinsu ba sa jin rediyo, kunnensu na toshe da waya. Iyayensu ne ke rataye rediyo a kafaɗa su tafi gona da ita. Shekara bakwai yana tsammanin da matasa yake magana, ashe da ubanninsu yake.

Shirin ya fita ranar Alhamis. Washegari Juma'a, kowa ya sa hularsa mai kyau. Ana idar da salla, tun a harabar masallaci wani dattijo ya dubi ɗansa ya ce, "Cire hular nan in gani." Na kusa da shi ya ji, shi ma ya juya ga nasa. Kafin a watse an tuɓe hula ta fi arba'in. Tsohon wanzamin gari, wanda ya shekara biyar yana gyangyaɗi a gindin darbejiya, ranar bai miƙe ba sai da aka kira magariba. Kai bayan kai ya yi musu ƙwal.

Ba askin ne ya fi ɓata wa iyayen rai ba, sunan ne, da allin. An zauna an auna hula don a rufe musu ido a cikin gidajensu. Ba wanda ya taɓa Sabiru, ba wanda ya zage shi. Kowane uba dai ya ce wa ɗansa, "In ka sake taka shagon nan, ban yafe ba." A Kukar Tanko wannan kalma ta fi kwaɗo ƙarfi. Ƙafa ta ɗauke ɗif.

Malam Abdulhadi ya tafi wurin dagaci, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, yaron nan ba shi da wata sana'a. Gashi ne, zai tsiro. Laifin nawa ne da na kai maganar rediyo."

Dagaci ya ce, "Malam, mu ba mu rufe masa shago ba, ga shi can a buɗe. Kai kuwa wane laifi? Godiya muke maka. Ba don kai ba da har yanzu ana mana wasa da hankali."

Godiyar nan ita ta fi masa ciwo. Duk inda ya bi dattawa na ɗaga masa hannu. Wani har zabuwa ya aiko masa da ita. Asama'u ta soye ta, ya dubi kwanon ya ce ta ba maƙwabta. Samari kuwa in ya doso bencin mai caji sai hira ta koma ta ƙwallo, kowa ya gyara zaman hularsa.

Ya yi abin da zai iya, wanda bai taka kara ya karya ba. Kullum yana zuwa shagon ya zauna, duk mako a yi masa aski, shi da gashin kansa bai fi a ƙirga ba. Ya roƙi abokansa malaman firamare su ma su riƙa zuwa. Mutum biyar ba sa riƙe shago. Sabiru bai taɓa ɗaga masa maganar ba. Ya gaishe shi, ya yafa masa ƙyalle, ya yi askin, ya karkaɗe. Wallahi da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Bayan wata biyu, wata Talata da hantsi, ya tarar ana sauke solar daga rufi. Sabiru ya ce, "Zauna, Malam, akwai sauran caji a injin." Yana cikin yi masa askin, sai Malam Abdulhadi ya ce, "Sabiru, ban faɗi sunanka ba."

Sabiru ya ce, "Haka ne, Malam. Amma mai aski nawa ne a garin nan?"

Ya gama, ya goge injin, ya naɗe shi a tsumma. Ko kuɗin bai karɓa ba.

Shirin "Me Ake Yayi?" yana nan har yau, sai dai masu saurare na cewa ya rage armashi, wai sai abu ya tsufa Malam yake kawo shi. Gaskiyarsu. Yanzu littafi biyu yake ɗauka a jaka, ɗaya na rediyo, ɗaya na kwali. Abin da ya shiga na biyun ba ya fita sai yayinsa ya wuce, masu cin abinci da shi sun koma wani abin.

Da kakar bana ya shiga kasuwar Dawanau ɗauko farashin wake, sai ya ji an ce, "Malam, barka da aiki." Sabiru ne, da tsumma a kafaɗa, fuska duk garin dawa, yana cikin masu loda buhu a tirela. Ya rame, amma ya yi dariya. Suka koma inuwar wani sito suka zauna. Malam Abdulhadi ya tambayi mutan gida, Sabiru ya ce yarinyar har ta fara tafiya, Juma'a-Juma'a yake zuwa ganinsu.

Can sai Sabiru ya sassauta murya, irin yadda yake yi da a shago in ya ga sabon abu. Ya ce, "Malam, ka lura da abin da yaran nan masu dako suka fito da shi kuwa?" Ya kwashe labarin wani sabon yayi ya ba shi tiryan-tiryan, irin wanda Malam Abdulhadi bai taɓa ji ba ko a birni. Hannunsa har ya kai bakin jaka.

Sabiru ya dubi hannun. Ya ce, "Kai na gaya wa, Malam. Ban gaya wa rediyo ba."

Malam Abdulhadi ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Aka ƙwala wa Sabiru kira daga bakin tirela, ya miƙe ya gyara tsummansa ya tafi. Wannan labarin ko a littafin kwali bai shiga ba.